Daga Caji Ofis Zuwa Gaban Alƙali: Jagora Kan Laifi, Alhaki da Hukunci

Ranar da aka aiko gida cewa 'yan sanda sun tafi da ɗanka ko ƙanenka, tambayar kowa ɗaya ce: me ya yi? Tambayar da za ta fi yi maka amfani, wadda ya kamata ka riƙe tun daga ƙofar caji ofis har gaban alƙali, ita ce: wace doka aka ce ya karya, kuma wane sashe? Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 36(12), ya hana a hukunta kowa a kan wani abu sai in akwai rubutacciyar doka da ta kira abin laifi, ta kuma yanka masa hukunci. Abin kunya daban, abin da unguwa ta ƙi daban, laifi a idon kotu daban. A 1961 Babbar Kotu a tsohuwar Jihar Yamma ta rushe hukuncin da wata kotun gargajiya ta yanke wa wata mata a kan zina, a shari'ar da lauyoyi ke kira Aoko da Fagbemi, domin a can babu rubutacciyar dokar da ta sa zina cikin laifuffuka. A Arewa kuwa akwai, tana nan a sassa na 387 da 388 na Final Kod.

Saboda haka sai ka san littattafan da ake yi mana shari'a da su. Na farko shi ne Final Kod ɗin nan, wanda Majalisar Jihar Arewa ta zartar a 1959, ya fara aiki ranar 30 ga Satumba, 1960, jajibirin samun 'yancin kai. Gwamnatin Sardauna ce ta kira kwamitin masana a 1958 ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, tare da Mai Shari'a Muhammad Sharif daga Pakistan, da Farfesa Anderson daga Landan, da manyan gida irin su Shettima Kashim, Wazirin Borno. Suka ba da shawarar a bi tsarin kundin Sudan, wanda shi ma daga kundin Indiya na 1860 ya samo tushe, tunda an riga an gwada shi a ƙasashen da Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba suke zaune tare. Da aka rarraba Arewa jiha-jiha, kowace ta gaji kundin, wasu kuma suka sake rubuta nasu, kamar yadda Kaduna ta yi a 2017. Lambobin sassan da zan riƙa ambata na tsohon kundin ne. A jiharku lamba na iya sauyawa ko hukunci ya ƙaru, amma ginshiƙan suna nan yadda suke.

Na biyu shi ne kundin laifuffuka na Shari'ar Musulunci, wanda Zamfara ta fara aiki da shi ranar 27 ga Janairu, 2000, zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, wasu suka bi sahu har jihohin suka kai 12. Musulmi yake hawa kansu, a kotunan Shari'a, bisa mazhabar Malikiyya. Na uku dokokin tarayya, kamar na miyagun ƙwayoyi da hukumar NDLEA ke aiki da su, da na zambar kuɗi da ke hannun EFCC, da dokar laifuffukan intanet ta 2015 wadda ta kai mutane da dama kotu a kan abin da suka rubuta a Facebook. Sanin wanne aka ɗauko maka shi zai nuna maka kotun da za a je da irin hukuncin da ke gaba.

Hannu da zuciya

Kafin a ɗora wa mutum alhakin laifi sai abu biyu sun haɗu: abin da hannunsa ya aikata, da abin da ke zuciyarsa lokacin aikatawar. Mugun nufi shi kaɗai ba a ɗaure mutum a kansa. Wanda ya kwana yana ƙulla yadda zai ƙone rumbun maƙwabcinsa, gari ya waye bai ɗauki ko ashana ba, bai kuma haɗa baki da kowa ba, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Haka nan aiki shi kaɗai, a mafi yawan laifuffuka, bai isa ba. Ɗauki sata. Sashe na 286 ya nemi a tabbatar cewa mutum ya ɗauke kayan da ke hannun wani, ba da yardarsa ba, kuma da nufin cuta. Wanda ya fito daga masallaci ya tura babur irin nasa sak yana zaton nasa ne, ya ɗauki kayan wani ba izini, amma nufin cutar babu, don haka ba ɓarawo ba ne. Sai dai alƙali ba ya shiga zuciya, daga abin da ya biyo baya yake karanta ta. Da ya gane kuskurensa, ya dawo da babur ɗin? Ko kuwa ya cire lamba ya sake masa fenti?

A sha'anin kisa wannan bambancin shi ne tsakanin rai da mutuwa. Sashe na 221 ya tanadi hukuncin kisa ga wanda ya kashe mutum da nufin kashewa, da kuma wanda ya san, ko yake da dalilin sanin, cewa abin da ya yi mutuwa ce ta fi kusa da zama ƙarshensa. Don haka wanda ya ɗaga taɓarya ya maka wa mutum a ka, ya dawo yana rantsuwa cewa ba kisa ya nufa ba, rantsuwar ba za ta cece shi ba. Kotu za ta duba makamin, da inda aka sara, da ƙarfin saran. Direban da ya yi gudun wuce sa'a ya banke mai tafiya a ƙasa kuwa kisan sakaci ya yi, hukuncinsa ɗauri ne ko tara ko duka biyun.

Akwai wurin da rashin fahimtar wannan ƙa'ida ya fi cutar da talaka, wato bashi. Rashin biyan bashi ba laifi ba ne. Wanda ya karɓi kaya a kasuwa da alkawarin biya bayan sallah, ciniki ya karye ya kasa, kotun da ke sauraron rigimar dukiya ake kai shi, a tilasta masa biya. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015, wadda lauyoyi ke kira ACJA, a sashe na 8(2), da Dokar 'Yan Sanda ta 2020, duk sun hana a kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki. Jihohi suna da irin wannan dokar tasu, Kaduna tun 2017, Kano tun 2019. Abin yana komawa laifi ne ta ƙofa biyu. In tun ranar karɓar kayan da ƙarya ya karɓa, ya nuna shagon da ba nasa ba ko takardar filin bogi, wannan zamba ce, sashe na 320, ɗaurinta na iya kai shekara uku. In kuwa amana aka ba shi, kamar uwar adashi ko yaron shago ko wanda aka ba kuɗi ya kai wa wani, ya karkatar da su zuwa buƙatarsa, wannan cin amana ne, sashe na 311, har shekara bakwai. Ina roƙon 'yan kasuwarmu su daina mai da caji ofis wurin karɓar bashi. Wanda ya sa aka tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba, shi ma kotu na iya sa shi biyan diyya tare da waɗanda suka yi tsarewar.

Wanda bai taɓa komai ba, amma ya shiga ciki

Hausawa na cewa abokin ɓarawo ɓarawo ne. Doka ba ta kai nan ba, abota kawai ba ta ɗaure kowa, amma ta zo kusa fiye da yadda samari ke zato. Sashe na 79 ya ce in mutane da yawa suka aikata laifi bisa manufa ɗaya, kowannensu zai ɗauki alhakin kamar shi kaɗai ya yi. Wanda ya tsaya bakin lungu yana duba hanya, da mai babur da ya jira su ya kwashe su alhali ya san abin da aka je yi, da mai gadin da ya bar ƙofa a buɗe bisa shiri, duk hukuncinsu ɗaya da wanda ya shiga ɗakin. A dokar fashi da makami ta 1984, ko kai ba ka riƙe ko tsinke ba, in kana tare da mai makamin a wurin fashin, hukuncin kisa ya hau kanka. Haɗin baki kuma laifi ne mai zaman kansa a sassa na 96 da 97, haka zuga wani ko taimaka masa, haka yunƙurin da bai kai ga nasara ba. Mai kai wa 'yan bindiga labarin wanda ya sayar da shanu a kasuwa yana cikin wannan layin, ko bai taɓa shiga daji ba.

Sai sayen kayan sata, wanda a tsohon kundin hukuncinsa ya fi na satar kanta nauyi: sata shekara biyar a sashe na 287, karɓar kayan sata har shekara 14 a sashe na 317. Ba sai an tabbatar an gaya maka na sata ne ba, ya isa a nuna kana da dalilin zargin haka. Waya mai tsada a rabin kuɗinta, babu kwali babu rasit, daga hannun wanda ba ka san gidansa ba, wannan kaɗai dalili ne. In za ka sayi waya ko babur ko dabba a hannu, ka sa shaidu, a rubuta takarda da sunan mai sayarwa da lambar wayarsa da lambar kayan, ka adana. 'Yan gwangwan da masu gyaran waya su suka fi kowa buƙatar wannan ɗabi'a.

Abin da ya fi damuna a wannan babi shi ne taron dukan wanda aka yi wa ihun ɓarawo. Doka ta yarda kowa ya kama wanda ya gani yana aikata laifi, da sharaɗin ya miƙa shi ga hukuma ba tare da ɓata lokaci ba. Daga nan ikonka ya ƙare. In aka taru aka kashe shi, wanda ya jefa dutse ɗaya na iya tsayawa gaban kotu da tuhumar kisa daidai da wanda ya kawo fetur, kuma ko an tabbatar mamacin ɓarawo ne hakan ba ya wanke kowa. Haka zargin maita. Tun 1954, a shari'ar Gadam, kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta ƙi karɓar uzurin mutumin da ya kashe wata mata yana ganin ita ta kama masa matarsa. Final Kod ma ya sa jifan mutum da maita cikin laifuffuka.

Uzurin da kotu ke saurara

Rashin sanin doka ba uzuri ba ne, amma akwai waɗanda kotu ke karɓa. Yaron da bai kai shekara bakwai ba babu alhakin laifi a kansa ko kaɗan, daga bakwai zuwa 12 kuma sai an nuna hankalinsa ya kai ya gane abin da yake yi, kamar yadda sashe na 50 ya tsara. A kotun Shari'a balaga da hankali su ne sharaɗin haddi da ƙisasi. Mai taɓin hankali da bai san abin da yake yi ba, ko bai san haramun ne ba, sashe na 51 ya ɗauke masa, sai dai shi ne zai kawo hujja, don haka katin asibitinsa da shaidar likitan da ke duba shi abin adanawa ne. Kuma ba gida ake sallamarsa ba, wurin tsaro da magani ake kai shi. Maye kuwa ba ya ceton wanda ya sha da kansa. Sai wanda aka zuba wa bai sani ba, ko aka ɗura masa da ƙarfi.

Kare kai haƙƙi ne, kai da iyalinka da dukiyarka, har da wani bawan Allah da ka ga za a cuta. Iyakarsa biyu. Kada ka wuce abin da tunkuɗe cutar ke buƙata, kuma haƙƙin yana ƙarewa da ƙarewar haɗarin. Ɗan fashin da ya shigo maka da adda cikin dare, in ka sare shi a wannan hali doka na tare da kai. In ya yar da addar ya juya da gudu ka bi shi har bayan gari ka kashe, ka fita daga kare kai ka shiga ramuwa.

Tunzurawa ba ta wanke mai kisa, sassauta masa take yi. Sashe na 222(1) ya ce in an yi wa mutum tsokana mai tsanani, ba zato, har ya fita hayyacinsa ya yi kisa kafin zuciyarsa ta huce, hukuncin ya sauka daga kisa zuwa ɗauri, wanda ke iya kai rai-da-rai. Wanda ya koma gida ya wasa wuƙa ya dawo da yamma ya rasa wannan sauƙin. Fiƙihun Malikiyya bai ɗauki fushi a matsayin abin da ke sauke ƙisasi ba, kuma wannan saɓanin ne ya fito fili a 1947, lokacin da kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin kisan da kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa Tsofo Gubba. Rigimar da ta biyo bayan shari'ar tana cikin abubuwan da suka kai ga rubuta Final Kod. A Shari'a sauƙin ta wata ƙofa yake zuwa, wato hannun waliyyan mamaci, su nemi ƙisasi, ko su yafe, ko a yi sulhu a kan diyya.

Kwana biyun farko

Yawancin shari'o'in da aka rasa, a caji ofis aka rasa su, kafin lauya ya ji labari. Sashe na 35 na Tsarin Mulki ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa. Dole a sanar da shi dalilin kamun a rubuce, cikin awa 24, da harshen da yake ji. Dole kuma a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotun da ta dace a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu, ban da wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne. An haramta kama uba ko mata ko ƙane a madadin wanda ake nema, sashe na 7 na ACJA ya faɗi haka ƙarara. Duka da rataya da hana barci don a tatsi magana laifi ne a Dokar Hana Azabtarwa ta 2017.

In ka isa, ka yi sallama da ladabi, ka nemi sanin ɗan sandan da ke riƙe da binciken, ka rubuta sunansa da ranar da lokacin da aka kawo ɗan'uwanka. Ka gaya wa wanda aka tsare abu ɗaya ya riƙe: kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa da Hausa ya fahimta ba. Jawabin da ake rubutawa a wannan ɗakin shi ne zai tsaya a kansa shekara biyu ko uku masu zuwa, kuma kotu na iya ɗaure mutum da amsa laifinsa kaɗai in ta gamsu da son ransa ya yi. Doka ta so a ɗauki irin wannan jawabi gaban lauya, ko a naɗe shi a bidiyo. In an tilasta shi, sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana kotu karɓar jawabin, amma lokacin yin magana shi ne daidai sa'ar da mai gabatar da ƙara ya miƙa takardar ga alƙali. A nan ake tsayar da shari'a a binciki yadda aka samo ta. In aka bari ta shige, kukan baya ba ya da ƙarfi.

Abu guda ne shiru ke ɓatawa. In ɗan'uwanka ba ya wurin da abin ya faru, a ce yana kasuwar wani gari ko yana kwance a asibiti, to ya faɗa tun a caji ofis, dalla-dalla: ina yake, da wa, ƙarfe nawa. Hakan na ɗora wa 'yan sanda nauyin zuwa su bincika, in ba su je ba ya zama rauni a ƙararsu. Wanda ya ɓoye wannan sai a kotu, alƙali kan ɗauka daga baya ya ƙirƙiro.

Beli a wurin 'yan sanda kyauta ne a doka, ko da yake kowa ya san abin da ake tararwa. In an nemi kuɗi, ka nemi ganin shugaban ofishin, ko ka kira lauya. Wanda ba shi da hali ya nufi Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976 domin irinsa, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA in abin ya shafi mace ko yaro. Kafin ka tsaya wa mutum ka san abin da ka ɗauka: alkawarin kawo shi duk ranar da aka neme shi. In ya gudu ba za a yanke maka hukuncin laifinsa ba, amma kuɗin da aka rubuta a takardar belin sun hau kanka. Mace ma tana da ikon tsaya wa mutum, sashe na 167(3) na ACJA ya tabbatar mata da shi.

Gaban alƙali

A kotun majistare ana farawa da karanta rahoton farko na 'yan sanda, a tambayi wanda ake tuhuma ko ya amsa. Wannan ita ce tambaya mafi haɗari a duk tafiyar. Mutane da yawa sukan ce sun amsa don an raɗa musu cewa alƙali zai tausaya a sallame su yau, ko don sun ɗauka ana tambayarsu ne ko sun san maganar. Da zarar ya amsa, alƙali na iya yanke hukunci nan take ba tare da kiran shaida ko ɗaya ba. In bai gane tuhumar ba ya ce bai gane ba, tafinta haƙƙinsa ne kuma kyauta. In ya san ya aikata wani ɓangare amma ba yadda aka rubuta ba, kamar wanda ya karɓi kuɗi bashi aka rubuta zamba, to bai amsa ba ke nan. Wanda ya aikata da gaske kuwa, amsawa da nadama na jawo sassauci, kuma akwai tsarin daidaitawa da masu gabatar da ƙara a rage tuhuma, amma a yi shi da shawarar lauya.

Wanda bai amsa ba, sashe na 36(5) na Tsarin Mulki ya ɗauke shi marar laifi har sai an tabbatar. Nauyin kawo hujja na kan gwamnati, kuma sai hujjar ta kai inda mai hankali ba zai saura da kokwanto ba. Kowane shaida aka kawo, akwai damar yi masa tambayoyi, kuma ba a tilasta wa wanda ake tuhuma ya ba da shaida. A kotun Shari'a ma ƙa'idar malamai ita ce shubuha tana tunkuɗe haddi. Shi ya sa ba a yanke hannu sai kayan sun kai nisabi, an kuma ɗauke su daga ma'ajiyarsu, zina kuma sai da shaidu huɗu, ko bayyanar ciki ga macen da ba ta da aure, ko iƙirari, wanda mai shi ke da damar janyewa.

Laifuffuka masu nauyi kamar kisa da fashi da makami sun fi ƙarfin majistare. Abin da yakan yi shi ne ya tura mutum gidan gyaran hali a jira shawarar lauyoyin Ma'aikatar Shari'a. A nan mutane ke ɓacewa. Alƙaluman hukumar gidajen gyaran hali sun daɗe suna nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare jiran shari'a suke yi. ACJA ta ƙayyade umarnin tsarewar farko ga kwana 14, sai an koma kotu a sabunta shi da dalili. Aikin dangi a nan shi ne bin fayil: ku riƙe lambar ƙarar, ku san ko 'yan sanda sun tura fayil ɗin ma'aikatar, ku san ranar zama ta gaba, kada a yi zama ɗaya babu naku a kotun. Belin irin waɗannan laifuffuka a Babbar Kotu ake nemansa.

Sulhu yana da wurinsa. Ƙananan laifuffuka irin su rauni marar tsanani da ɓata suna, doka ta yarda a sasanta. Fyaɗe da fashi da kisa a ƙarƙashin Final Kod kuwa ƙarar gwamnati ce, mai unguwa ko dattawan gida ba su da ikon kashe ta, Antoni Janar na jiha ne kaɗai ke iya janye ta bisa sashe na 211 na Tsarin Mulki. Iyayen da ake matsa wa su karɓi kuɗi su rufe maganar fyaɗen 'yarsu su san cewa doka ba ta tare da masu matsa musu.

Hukunci da abin da ke bayansa

Sashe na 68 na Final Kod ya jero hukunce-hukuncen: kisa, ɗauri, tara, ƙwace dukiya, tsarewa a gidan horon yara, da bulala, wadda ba ta wuce 12 kuma maza kaɗai ake yi wa. Adadin shekarun da ka ji an ambata a sashe galibi shi ne iyakar sama, alƙali na da ikon sauka ƙasa. Saboda haka roƙon sassauci da ake ba dama bayan an sami mutum da laifi ba al'ada ce kawai ba. A faɗi cewa karonsa na farko ne, a faɗi iyalin da ke wuyansa, a nuna an mayar da kayan ko an biya kuɗin magani. A roƙi zaɓin tara, a roƙi a lissafa zaman da ya riga ya yi, in tuhumar ta fi ɗaya a roƙi hukunce-hukuncen su tafi tare maimakon ɗaya bayan ɗaya. ACJA da dokar gidajen gyaran hali ta 2019 sun buɗe ƙofar aikin yi wa al'umma hidima da ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka a ƙananan laifuffuka. Wanda aka cuta shi ma ya buɗe baki ya nemi diyya a wannan zaman, domin tara aljihun gwamnati take shiga.

A kundin Shari'a hukunci kashi uku ne: haddi da nassi ya yanka, ƙisasi da diyya a jini da raunuka, sai ta'aziri da aka bar wa alƙali cikin iyakar da kundin ya sa, kuma mafi yawan abin da kotunan ke yankewa kullum ta'aziri ne. Cikakkiyar diyyar rai raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa. A kisan kuskure dangin mai laifi na wajen uba ke haɗa ta. A kisan ganganci ko waliyyai sun yafe, Malikiyya sun ce a yi masa bulala 100 da ɗaurin shekara guda.

Hukuncin kotun farko ba shi ne ƙarshe ba. Wata mata, Amina Lawal, an yanke mata hukuncin jifa a Bakori a watan Maris na 2002, kotun Funtuwa ta tabbatar, amma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta rushe shi ranar 25 ga Satumba, 2003, da hujjojin fiƙihun Malikiyya kansa. Hukuncin kisa ba a zartar da shi sai gwamna ya sa hannu, kuma sashe na 212 na Tsarin Mulki ya ba shi ikon afuwa ko sassautawa. Abin da ke kashe ɗaukaka ƙara shi ne jinkiri. Daga kotun majistare galibi kwana 30 ne, daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara kwana 90, daga can zuwa Kotun Ƙoli kwana 30. Ranar da aka yanke hukunci, kafin ku bar harabar kotu, ku shiga ofishin rajistara ku nemi kwafin hukuncin a rubuce. Sashe na 36(7) na Tsarin Mulki ya ce a ba ku shi cikin kwana bakwai da gama shari'a, kuma da shi lauya zai zauna ya fitar da dalilan ɗaukaka ƙarar. In wa'adin ya riga ya wuce, lauya zai shigar da roƙon ƙarin lokaci tare da takardar rantsuwa mai bayyana abin da ya jawo jinkirin.